Shaame Pandu, Makaɗin da Ya Ji Tsoron Sassauta Tsirkiya

Haihuwa da Karatu

An haifi Shaame Pandu a shekarar 1934 a garin Wete da ke tsibirin Pemba. Mahaifinsa Pandu Vuai manomin kanumfari ne, sunan mahaifiyarsa Mwanajuma. Bayan ya sauke Alƙur'ani, a 1947 aka damƙa shi hannun Malam Ussi, shugaban makaɗan garin masu salon kiɗan da ake kira taarab, inda ya koyi kaɗa udi, molon nan mai tsirkiya da yawa.

Sana'a

Al'adar ƙungiyarsu ce, da zarar an ga watan Ramadan, kowa ya sassauta tsirkiyoyin udinsa ya rataye shi sai bayan Salla, domin itace ya huta, shi ma mai shi ya huta. Shaame kaɗai ya ƙi bin wannan ƙa'ida, ba don girman kai ba, sai don wata fargaba da ta zauna masa a zuciya tun ƙuruciya, cewa ranar da ya ajiye udi, ranar baiwarsa za ta gudu. Ya tsara waƙoƙi masu yawa, amma tun daga 1970 suka fara kama da juna, kuma ya fi kowa sanin haka. Maganin da ya nema wa matsalar shi ne ƙarin aiki.

Aure da Iyali

A 1958 ya auri Mtumwa Khatib, wadda ta shekara arba'in tana yi masa tsiya iri ɗaya: "Baban Zuwena, ko jakin da ke ɗebo ruwa ana sauke masa kaya. Wai waƙar nan kaza ce da za ta tsallake danga?" Amsarsa ba ta taɓa canjawa ba: "Ke dai ba ki san halinta ba."

Shekarun Ƙarshe

A Sha'aban na 1998 hannunsa na hagu ya shanye, likita ya hana shi kiɗa. 'Yarsa Zuwena, wadda ta gaji sana'ar, ita ta sassauta tsirkiyoyin a gabansa, yana kallo hankali a tashe. A tsakiyar azumi, yana kishingiɗe a ƙofar gida ba ya aikin komai, sai ga wani sabon kiɗa ya faɗo masa, irin wanda ya daɗe yana nema bai samu ba. Ya rera wa Zuwena rabinsa.

"Baba, bar shi haka, sauran zai zo da kansa," in ji ta.

"In ya tafi fa?"

Ya matsa sai da ta ɗaure masa tsirkiya, ya wuni yana fama da hannun da ba ya motsi, har sauran kiɗan ya ɓace masa.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a farkon 1999, kwanaki kaɗan bayan Salla, aka yi jana'izarsa a Wete kusa da kabarin mahaifinsa. Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: Haji, matuƙin jirgin ruwa, Kombo, malamin makaranta, da Zuwena, wadda ba ta ƙara komai a kan rabin waƙar nan da ya rera mata ba. Duk inda ta kaɗa ta, idan ta iso wurin da ya tsaya, sai ta ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyin, makaɗa su yi shiru, jama'a su jira.