Maigandi Bai Kasa Gano Ciwon Motar Nan Ba

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata, 15 ga Afrilu, 2025, wajen ƙarfe uku na rana, Allah ya karɓi ran Malam Maigandi, bakanike mai gareji a Argungu. Ya cika a kujerar gaba ta motar da nake tuƙawa, tsakanin Gulma da gari. Ni ne direban ƙungiyarmu ta manoman shinkafa, kuma ni kaɗai ne tare da shi.

Malam, ban yi niyyar rubuta komai ba. Amma a wurin zaman makoki na ji da kunnena shugaban ƙungiyar, Alhaji Tamba, yana gaya wa jama'a wai motar lafiyarta lau sai da ka sa mata hannu, wai wata huɗu kana lalube ka kasa. Ko kwana ɗaya ba ka yi a kabari ba. Mutane suka gyaɗa kai. Ni ma ina zaune ban ce uffan ba, kuma shirun nawa ya fi maganarsa ƙona mini rai.

Shekara goma sha biyu na san ka. Ba ka taɓa cire wani abu daga mota ba sai ka ɗora shi a tafin hannun direba ka nuna masa inda ya lalace. Da damina biyu da suka wuce na maƙale a hanyar Augie, ka zo kan babur cikin ruwa, ka tarar waya ce kawai ta saki. Ba ka kunyata ni ba. Ka ce in kama da hannuna in ɗaure, don gaba kar in kira kowa. Kuma duk direbobin Argungu kai kaɗai ne ba ka yi wa littafina dariya ba, wanda nake rubuta abin da ya faru kowace rana.

Ga gaskiyar magana. Motar tsohuwar a-kori-kura ce. Da safe kik ɗaya take tashi. Amma in na taso daga Birnin Kebbi na iso Argungu na kashe ta, sai ta ƙi, sai ta huce kamar rabin awa. Kai ka ce in riƙa rubuta lokaci, da nisan tafiyar, da minti nawa ta yi kafin ta amsa. Daga Disamba zuwa Afrilu na rubuta sau talatin da ɗaya. Abu ɗaya ka roƙa: a ba ka ita da rana, da zafinta.

Sau uku Alhaji ya sake ta, duka da sanyin safiya, don da rana tana kai shi biki da gaisuwa. A na ukun ya zo da kansa, ya murɗa makulli, ta tashi.

"To gwani, ina ciwon?" in ji shi.

Ka ce, "Alhaji, mi zan gani ga mai zazzaɓin rana in an kawo shi da asuba? Ku ba ni ita ta sha hanya."

Ya yi dariya ya ce famfon mai ne, kowa ya sani, in jiƙa tsumma in ɗora a kai. Haka na yi ta yi wata huɗu. Daga baya ya sa wani ya canza batir da fulogi, ba a ko gaya maka ba. Wannan shi ne sa hannun da ake ɗora maka yau.

Ranar Talatar, ba tare da izini ba, na ɗauke ka muka yi hanyar gonaki bayan Gulma har inji ya gasu. Ka ce in kashe. Ta ƙi tashi, sai na ga kana murmushi. Ka cire tiyo, mai yana zuwa. Ka cire wayar fulogi ka ce in yi kik, babu wuta. Ka taɓa kwayil, wanda ke ba fulogi wuta, ka janye hannu da sauri.

"Ga ɓarawon, Aminullahi. Rubuta. Famfo bai yi laifin komi ba."

Minti shida ya ɗauke ka. Na duba agogo, na rubuta.

Ina cikin rubutun ka dafe ƙirji ka zauna a ƙasa. Babu kowa a hanyar, waya babu sabis. Na sa ka a mota, na ruga bakin fadama na jiƙa tsumma, na dawo na ɗora shi kan famfon mai. Kan famfo, Malam, bayan abin da ka gaya mini yanzun nan. Hannuna ya tafi inda ya saba. Na yi ta kik, na yi ta zagin motar, kusan minti goma sha biyar, kafin na ji kana cewa a hankali, "Kwayil, ɗan'uwa." Na mayar da tsumman can, na ƙara ruwa, bayan ɗan lokaci ta tashi. Ba mu kai asibiti ba.

Na san ajali ba ya jinkiri, kuma likita ya ce mai yiwuwa ko da mun iso da wuri ba abin da zai canza. Na karɓa. Amma mai yiwuwa ya ce, kuma kullum sai na sake lissafa mintocin nan. Ban san ko zan daina ba.

Abin da na sani shi ne ba zan yarda a haɗa maka mutuwa da ƙarya ba. Wanda ya hana ka motar yini ɗaya tak saboda zuwa biki ba shi da bakin kiran ka mai lalube. Jiya na tarar da Alhaji a ƙofar gidansa cikin mutanensa, na karanta masa shafin ranar Talata har da kuskurena, na ajiye masa makulli. Ya ce in na tafi kar in dawo. Na tafi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matar Malam, Inna Nuriyya, da 'ya'yansa Mujtaba da Zakiyya, da dukan kanikawan Argungu. Allah ya jiƙan Malam Maigandi, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba ku haƙurin rashinsa. Inna, duk wanda ya ce miki mijinki ya kasa, ƙarya yake yi. Ni ne na yi jinkiri da shi a hanya. In kin iya, ki yafe mini.

Aminullahi direba, Argungu