Askar Nasara da Wanzamin Gidanmu

Shekarar da na dawo Madarumfa da niyyar zama, bayan shekara goma sha ɗaya ina bin motocin goro tsakanin Kumasi da Abijan da ƙasar Cadi, na shigo gari da wata sha'awa da ba ta da amfani ga kowa. Askar Nasara nake so, wato ta Turawa, irin mai naɗewa cikin ƙotarta. A Abijan na fara ganinta, a hannun wani Balarabe mai shagon aski kusa da tasha. Yakan goga ta a kan wata doguwar fata sau biyar ko shida, ya ɗora a kumatun mutum, gashi ya riƙa zuba ba ka jin komai sai ɗan sauti kamar ana yaga takarda daga nesa. A Kumasi na ga masu karya reza biyu suna aski da rabi. A Cadi na ga aska irin tamu, gajera, ƙirar maƙeri. Amma ta Balaraben nan ce ta zauna mini a rai.

Wata ranar kasuwa a Maraɗi na tarar da mai kayan gwanjo ya baje tarkacen da Nasara suka bari da za su tafi: cokula, makullai marasa kwaɗo, fitila ba gilashi. A cikinsu akwai aska uku, duk tsatsa ta kama su, ɗaya ƙotarta ta tsage. Shi mai kayan wuƙaƙen yankan farce ya ɗauke su. Na saya duka ukun a dala ashirin, na shigo mota ina ta laluben aljihu.

Ban san komai game da gyaransu ba. Kowace safiya sai in zauna a gindin bedin ƙofar gidanmu da toka da lemun tsami da tsumma, ina goge tsatsa. Wannan ya yi kyau, har rubutun jikinsu ya fito, na karanta sunan garuruwan da aka ƙera su. Wajen washi ne na yi ɓarna. Na ɗauko dutsen da matan gida ke wasa wuƙar yankan kuɓewa, na ɗaga bayan askar kamar yadda ake yi wa wuƙa, na dinga gurzawa. Kafin azahar bakin ta farkon ya zama kamar haƙoran zarto. Ƙarfen siriri ne ƙwarai, ba ya ɗaukar irin wannan hannu.

Abin da ban lura da shi ba shi ne, ƙofar gidanmu a kan hanyar tabki take. Masunta da masu lambu duk ta nan suke bi. Cikin kwana uku gari ya ɗauka cewa ɗan gidan wane ya dawo daga Kurmi da asake, zai riƙa yi wa kansa aski, wataƙila ma ya buɗe shago irin na birni.

A wurinmu kowane gida da wanzaminsa, kuma gado ne. Namu tsoho ne dogo mai ɗan rankwafawa. Ubansa ne ya yi wa kakana aski, shi kuma shi ya yi mini askin suna, shi ya yi mini kaciya. Duk Juma'a ta biyu yakan zo da hantsi da zabirarsa, wato jakar fatar da yake zuba asake da ƙaho, ya bi mazan gida ɗaya bayan ɗaya. A Juma'ar da ta biyo baya ya zo, ya yi wa mahaifina, ya yi wa ƙannena biyu. Da na matso na cire hula, sai ya wanke askarsa, ya mayar cikin zabira, ya ce a gai da mutanen gida, ya tafi. Ko kallona bai yi ba.

Ni dariya abin ya ba ni da farko. Na zauna a garuruwan da mutum ke shiga shagon da ya ga dama, ya biya, ya fito, mai askin bai san sunan ubansa ba. Mahaifina bai yi dariya ba. Ya tuna mini cewa matata ta shiga watanta, kuma ranar suna wanzami ne zai aske kan jariri a gaban jama'a. Ya ce babu wanzamin da zai shiga gidan wani wanzami ya yi aiki, ko daga Gabi na ɗauko shi, sai ya fara tambayar abin da ya raba mu da namu. In tsohon ya ƙi zuwa, za a yanka rago, a ci, a watse, yaro yana nan da gashin ciki, kuma maganar za ta bi shi har girmansa. Ya ce ni na ɗaure, ni zan kwance.

Na bar kwana biyu suka wuce, don girman kai. A na uku na sayi goro, na naɗe asaken nan a tsumma, har da wadda na lalata, na nufi gidansa. Na same shi a rumfa yana ɗinke bakin zabira. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, irin wadda ake yi in ba a son a iso ga magana. Na ajiye goron, na warware tsumman a gabansa. Na faɗa masa gaskiya, cewa sha'awa ce kawai, kuma na kasa.

Ya ɗauki wadda na lalata ya duba bakinta a hasken rana.

"Mutumin Kurmi, wannan kai ka yi mata haka, ko jaki ne ya tauna ta?"

"Ni ne, Baba."

"To, alhamdu lillahi. Da na ji ana cewa za ka karɓe mini sana'a har abinci ya fita raina. Yanzu na ga hannunka, sai in ci tuwona."

Bai taɓa riƙe irin wannan askar ba, shi ya faɗa da bakinsa. Ya buɗe ta biyun, ya rufe, ya sake buɗewa. Na fara karanta masa rubutun jikinta ina fassarawa, ya ɗaga mini hannu. Babban yatsansa yake bi da shi a bayan askar, can gefen da ba kaifi. Sai ya miƙo mini ya ce in taɓa. Akwai wani siririn layi mai santsi da ya bi bayan tun daga sama har ƙasa, a kowane gefe. Na goge wurin da toka ya fi sau goma ban gan shi ba.

"Wannan ba tsatsa ce ta ci shi ba, dutse ne. Mai ita na farko kwantar da ita yake yi, baya da baki duk su taɓa dutsen. Kai ka tsaya karatun Nasara, ga abin da mutumin ya bar maka nan."

Ya ciro dutsensa daga zabira, ɗan ƙarami baƙi, mai santsi kamar sabulu, tsakiyarsa ta lotsa don daɗewa. Ya juya shi ta ɗaya gefen da yake a miƙe, ya ɗiga ruwa, ya kwantar da askar ya tura ta a hankali, bai danna ba ko kaɗan. Ya juya ya dawo da ita. Haka ya yi ta yi har na gaji da kallo. Daga baya ya ba ni ta ukun, mai tsagaggiyar ƙota, ya ce in yi ya gani. Duk sanda bayan ya ɗaga daga dutsen yakan gane da kunne, ko yana kallon wani wuri, ya buge mini gwiwa da yatsa.

Safiya huɗu na yi ina zuwa. Shi ya aike ni wurin mahauta na samo ƙahon bijimi, na fere wa ta ukun sabuwar ƙota, maƙeri ya sa mata ƙusar tagulla. Ta fito a karkace, amma tana rufuwa. Shi ya yanko mini fata daga tsohon linzami don gogawa, ya nuna mini cewa a kan fata bayan askar ne ke gaba, ba bakin ba. A safiya ta huɗun ya gwada askar a gashin hannunsa, ya hure. Sai ya ce in cire hula. Ya jiƙa mini kai, ya ɗauko tasa ta maƙeri, ya aske ni tas a nan cikin rumfarsa. Yana goge askar ya yanke hukunci.

"Fuska taka ce, ka yi ta yanka abinka. Kai nawa ne. Da naka, da na abin da za a haifa maka."

Na ce na yarda. Ya riƙe wadda na lalata, ya ce zai sa maƙeri ya rage ta, ta yi masa amfani wajen tsaga.

Bayan kwana goma sha biyu matata ta sauka, mace aka samu. Ranar suna na tashi da wuri na gyara fuskata da askar Nasara, karo na farko, gaban ɗan madubin da na jingina a bakin randa. Na yanke a haɓa wuri biyu, da ɗaya ƙarƙashin kunne. Tsohon ya iso kafin a gama raba goro. Ya zauna a tabarma, aka miƙo masa jaririyar da ƙwaryar ruwa, ya aske ta cikin natsuwa, ko motsi ba ta yi ba. Da ya gama ya ɗago ya dubi haɓata, ya daɗe yana kallo. Sannan ya laluba zabira ya ciro ɗan ƙullin garin magani, ya miƙa wa ƙanena ya ce ya ba uban jaririya, ya shafa kafin baƙi daga garin Ɗan Issa su iso.