Ambulan Ɗin da Na Canza

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na ɗauki biro, don ilimina na firamare ne, kuma laifin nawa ne. Amma ranar da na kai takardar Malam Nasiru jami'a ta ƙi fita daga kaina.

Sunana Sule, masinja ne ni a wata sakandare a ƙasar Kiru. Malam Nasiru yana koyar da noma a wurinmu, yana da digiri na biyu. Sai wata jami'a ta nemi ƙananan malamai masu koyarwa da bincike kan irin dawa. Ƙa'idarsu ita ce, bayan takardun karatu, shugaban mai nema zai rubuta shaida a kansa, ya liƙe ambulan, ya sa hannu a bakinta don a san ba a buɗe ba. Wannan ta ƙarshen, a lokacin ban san ta ba.

Firinsifal ɗinmu bai rubuta ba sai ranar da za a rufe karɓa. Ya miƙo mini, ya ce in tabbatar ta isa kafin ƙarfe huɗu.

A motar da na shiga daga Kwanar Dangora, galan ɗin man gyaɗar wata mata ya tsiyaye a kan jakata. Na duba, ambulan ta jiƙe sharkaf a gefe guda. Hankalina ya tashi. Yaya zan kai wa manyan malamai takarda tana ƙamshin ƙuliƙuli? Da muka sauka na shiga wani shago na sayi sabuwa fara fes, na zare wasiƙar na mayar ciki, na jefar da tsohuwar.

A ofishin rajista wata Hajiya ce ke karɓa. Ta juya ambulan ɗin, ta tambaye ni ina sa hannun. Na gaya mata gaskiya tun daga Dangora. Ta ce ai buɗaɗɗiyar shaida ba ta da amfani, kuma ba za a duba neman da bai cika ba. Sai ta dube ni.

"Baba, ka karanta ta?"

"Wallahi Hajiya, ido na rufe lokacin da nake zarewa. Har sai da mai shagon ya tambaye ni ko lafiya."

Ofishin ya kwashe da dariya, ni kuwa gumi nake yi. Ta karɓi lambar Firinsifal ta kira shi a gabana. Ya tabbatar da wasiƙar, ya ƙara da cewa in dai Sule ne, ko jarida aka ba shi ajiya sai ya nemi izini kafin ya leƙa. Ta shiga wurin shugabanta, ta fito ta buga hatimi, ta ce an ba mu kwana uku mu kawo wata a liƙe. Washegari na kawo ta cikin leda uku, a ƙirjina.

Malam Nasiru ya sami aikin. Yanzu yakan zo garinmu Badafi da ɗalibansa suna auna gonaki, su sha fura a gidana. Abin da na koya shi ne, a aikin nan ba kyan takarda ake dubawa ba, amanarta ake dubawa, kuma abin da ban gane ba in tambaya kafin in gyara.

Saura abu ɗaya. Don ruɗewa ban tambayi sunan Hajiyar ba, da na sake komawa daga baya kuma aka ce an yi mata canjin ofis. Doguwa ce, mai tabarau, tana yawan cewa "to madalla". Duk wanda ya san ta, don Allah ya sanar da ni. Godiya ce ban yi ba.