Dala Dubun Gwaggo

Mun tashi daga Magarya ana idar da sallar asuba, ni da wani abokina mai moto, wato babur, muka nufi Guci wajen gwaggona. Abin da ya tashe ni ba mai daɗi ba ne. Ɗanta, taubashina, yana kwance a asibiti a Amurka wata na huɗu ke nan, ciwon ƙoda ya kayar da shi. Biza ta gagara, sai matarsa ta shiga nema wa Gwaggo izinin shiga na ɗan lokaci, wanda ake bayarwa don jinƙai, mutum ya je ya yi jinya ya dawo. Ni aka aika in karɓo takardar haihuwarta.

Kaka ce, hanya cike da amalanke ɗauke da dammunan gero. Esansin kwalba, wato fetur, muka sha a bakin hanya, mai shi yana rantsuwa bai gauraya shi da komai ba, moto kuwa ta yi ta tari har Dungas. Can muka karya da ƙosai da kunu. Ƙosan dala ashirin, wallahi loma uku na yi masa! Da muna yara, na dala biyu sai ka ci ka rage wa ƙane.

Daga Dungas rairayi ya karɓe mu, sau biyu muka sauka muka tura. Amma da na hango gawon nan na bakin rijiyar Guci, sai zuciyata ta karye. A gindinsa ni da taubashina muke ɓoye allunan lakwal mu tsere wa aji mu gudu tabki wanka. Kullum shi ke kawo shawarar, kullum ni ke shan bulala. Rijiyar tana nan, an yi mata baki da siminti. Matan da ke jan ruwa ba wadda ta gane ni, har wata ta ce mini sannu baƙo.

Gwaggo ta dama mini fura da hannunta, mai yawan yaji yadda ta saba. Ba ta kama sunan ɗanta, ɗan fari ne. "Mutumin naka ya ji jiki," ta ce. Ta ba ni takardar, sannan ta kwance bakin zane ta ajiye jika biyar, sefa dubu biyar ke nan, a gabana.

"Matarsa ta ce a salula gwamnatin can dala dubu take karɓa. Ga su nan cif, gyaɗa na sayar. Ashe turawa ba su da tsada haka!"

Dariya ta taso mini, na danne ta. A wurinmu dala tamma biyar ce, wato sefa biyar, dala dubu kuwa jika biyar, lissafinta bai kauce ba. Na ce, "Gwaggo, ba dalarmu ba ce, tasu ce. Guda ɗaya ta fi dala ɗari tamu. Kuɗin ya haura jika ɗari biyar."

Ta dubi rumbunta, ta dubi akuyoyinta biyu. "Su ma dala suke ce mata? Ikon Allah." Sai ta tura mini kuɗin. "Riƙe dai, a ɗora a kai. Kada ka gaya masa na yi wauta, zai yi dariya ciwon ya motsa."

Da la'asar sakaliya muka shigo Magarya. Na bi dangi har na Kano, kowa ya kawo abin da ya samu, har yau ba a kai rabi ba. Tafiyar nan ta koya mini cewa in za ka kai wa tsoho labarin nesa, ka faɗa masa da lissafin garinsu tun farko, kada ka bari ya gama murna.

Jiya ta ari salula ta kira ni. Ba ta tambayi kuɗi ba. Cewa ta yi ta wanke zannuwanta, in tambayar mata ko a can ana barin uwa ta kwana a ɗakin mara lafiya.