Ɗigon Fentin da Mutala Bai Sa Ba

Juma'a. Aikin farko: buɗe bonet, duba bututun esi.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 20 ga Fabrairu 2024, Allah Ya karɓi ran Masta Mutala, mai gyaran esi, wato na'urar sanyaya mota, a unguwar Kawukudi. Ya faɗi a ƙofar garejinsa da hantsi, kafin a kai shi asibiti ya cika. Abokina ne tun muna yara a Mamobi.

Mutala, na sake buɗe bonet yau kamar yadda ka ce in riƙa yi. Ɗige-ɗigen fentinka rawaya suna nan. Akwai a murfin fiyus, akwai a fanka, akwai a jikin kwamfuresa. Haka kake aiki: duk abin da ka gwada ka ga lafiyarsa lau, sai ka ɗiga masa fenti, don kada a sake zarginsa. Ban taɓa ganin ka cire wani abu daga motar mutum don zato ba.

Ka san dalilin da ya sa na matsa maka. Tsohuwar Korolata ba abin gata ba ce, amma da ita nake kai mahaifiyata Mma wankin ƙoda Litinin da Alhamis. Tun da esi ya daina sanyi, cunkoson hanyar unguwar Malam ya zame wa Mma azaba. Idan na sauke gilashi hayaƙi ya shaƙe ta, idan na ɗaga zafi ya kama ta. Ranar da ta sume a kujerar baya, kai na fara kira. Ka bar motar wani a buɗe ka zo a babur, da ruwan sanyi a leda, kana yi mata fifita da kwali kana cewa, "Mma, buɗe ido, ɗanki Akawu zai yi kuka a titi ya ba mu kunya." Ta buɗe ido tana dariya.

Na so a ƙara gas kawai a huta. Ka ƙi. Ka ce, "Cale, abokina, gas ba ya ƙarewa, gudu yake yi. In ba mu ga ƙofar da yake bi ba, iska muke ciyarwa." Ka bi bututun da ruwan sabulu, kumfa bai tashi ba. Ranar Litinin da yamma sai ka zuba gas kaɗan haɗe da wani koren ruwa, ka ce in yi ta yawo da motar, kada in wanke inji, kada in bar kowa ya taɓa. Inda yake yoyo, koren zai fito ya nuna kansa. Ka ce, "In ka gani, ka zo, in sa ɗigon ƙarshe."

Washegari a wannan motar na ɗauki dattawan unguwa zuwa maƙabarta. Muna bin gawarka, hannuna ya kai kan makunnin esi don sabo. Sanyi ya fito, Mutala. Sanyi sosai, irin wanda motar ba ta yi ba tun bara. Na san gas ɗin da ka zuba ne, na faɗa wa kaina haka sau da yawa. Amma a hanyar dawowa iska mai ɗumi ce kawai ke fitowa, kuma har yanzu na kasa zama a kujerar direba ba tare da na waiga gefena ba.

Jiya Mma ta je asibiti da gilashi a sauke. Ta dawo a galabaice, ba ta yi ƙorafi ba, addu'a take ta yi maka.

Yau na gani. A mahaɗar ƙaramin bututu, ƙasa da batir, kore ne mai maiƙo, bai fi girman farce ba. Na goge tabarau na sake dubawa, don ni mutum ne mai yawan ganin abin da nake son gani. Yana nan. Kana kwance a ƙasa, aikinka bai tsaya ba. Na daɗe a tsaye riƙe da bonet, ban san wanda zan nuna wa ba.

Ya Allah Ka jiƙan Mutala, Ka yafe masa kurakuransa. Kamar yadda ya sanyaya wa bayinKa tafiya, Ka sanyaya masa makwanci, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyya ga matarsa Ikilima, da 'yarsa Wadia, da ƙaninsa Fataw wanda garejin ya rage a hannunsa, da jama'ar Kawukudi da Mamobi baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙuri.

Na gobe:
– Gaida Ikilima, kai mata saƙon Mma.
– Kai mota wurin Fataw, in yana iya riƙe sifana. Dole a gama kafin Litinin.
– Nuna masa koren. Kada a goge kafin ya gani.
– Tambayarsa inda ka ajiye gwangwanin rawayan fenti.