Taswirar Da Na Yi Ta Jira Har Kabarin Mahaifina Ya Shafe

Malam Edita, bayan sallama, ina roƙon ɗan fili in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini rai. Da hannuna na rubuta wannan, a hankali, don haka in an ga gargada a yi mini uzuri, da girmana na koyi riƙon biro.

A lokacin da abin ya faru ni magidanci ne, ina aiki a wata masaƙa a Sharada, ina zaune a ƙauyen da aka haife ni kusa da Challawa. Da yamma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci a firamaren ƙauyen, mu zauna a bencin yara gwiwoyinmu na tokare tebur. Na kai inda nake karanta Hausa in na bi da yatsa. Mutane sun san ni da haƙuri. Abokan aikina har tsokanata suke yi, wai ko ƙafata aka taka ni zan fara ba da haƙuri. A da ina jin daɗin wannan shaida.

Shekaru kafin nan, tun zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta da, gwamnati ta karɓi gonakinmu don a gina masana'antu. A gefen gonar gidanmu maƙabartar ƙauyen take. Can mahaifina yake kwance, da kakannina, da 'yata ta fari da ƙyanda ta ɗauke. Ranar da safiyo ya zo awo dattawa suka tare shi. Mutumin kirki ne, ya zana wurin a taswirarsa ya nuna wa kowa, ya ce an cire maƙabarta daga filin, kuma kwafi ɗaya zai zauna a ofishin En'e. Babu wanda ya ce a ba mu namu. Wa zai karanta? Aka shafa fatiha aka watse.

Ana nan sai wata safiya muka ga turaku masu jan fenti sun zagaye maƙabartar, sun haɗa ta da filin wani sabon kamfanin fata. Mai unguwa ya sami mai kula da aikin. Mutumin ya ce shi takardarsa ba ta nuna kabari ba, amma in muka kawo tsohuwar taswirar mai hatimin hukuma zai ja turakunsa baya. Dattawa suka taru a ƙofar masallaci suka ce ai ga ɗan boko a cikinsu. Wani baffana, ƙanin mahaifina, ya ce tunda na guje wa hirarsu na koma zama da haruffa, to yau za a ga amfanin bencin yaran. Aka yi dariya. Ni kuwa na ɗauka duk maganar ofis da Turanci ake yin ta, kuma ko gaisuwa ban iya da shi ba, amma kunya ta hana ni faɗa. Na ce to.

A lokacin, En'e ta riga ta zama ƙaramar hukuma. Na hau kekena na je sakatariya. Masinja ya kai ni wurin wani akawu a ofishin ƙasa, dattijo mai fara'a. Ya ba ni kujera, ya tambayi mutanen gida da ruwan bana, har ya ce ya san mahaifina a kasuwa. Ya ce taswirar tana sito, sai dai mai mabuɗi ya tafi ta'aziyya, in dawo wani mako. Na tambaye shi cikin ladabi ko akwai takardar da zan rubuta. Ya yi dariya ya ce haba Malam, takarda ai ta baƙo ce, tsakanin mutum da ɗan'uwansa magana ta isa, kuma in aka rubuta sai ta bi tebur-tebur ta tsufa a hanya. Wallahi sai na ji kamar an sauke mini kaya. Na koma gida na ce wa dattawa na sami mutum a ciki.

Daga nan na zama ɗan gida a barandar ofishin. Ina zuwa da goro, in damina ce da ƙwan zabi, ba don cin hanci ba, don dai ba a zuwa wurin babba hannu sake. Yau a ce mai mabuɗi ya dawo amma mabuɗin yana wurin wani. Gobe a ce an raba fayilolin En'e, wasu an kai birni, a bari a duba. Jibi a ce ana hidimar zaɓe. Ban taɓa ɗaga murya ba. Ina musayar lokacin aiki da abokaina don in samu zuwa, har helumanmu a masaƙa ya sa mini suna lauya. Wata rana ya ce in zaɓi ɗaya, ko injin ko matattu, don su matattu ba sa jiran tuwon dare.

A cikin wannan zirga-zirga ne akawun ya ba ni shawarar da ta kashe mu. Ya ce kada a ƙara binne kowa cikin turakun har takarda ta fito, don kada kamfani su ce tsokana ce magana ta kai ga 'yan sanda. Da bakina na kai wannan saƙo ƙofar masallaci. Liman ya ce shi dai ya san maƙabartar da aka daina shiga daji take komawa. Baffana ya ce Malam a bi ɗan boko, shi ya ga ofis. Aka bi ni. Kowa ya san kabarinmu ba gini ba ne, tudun ƙasa ne da fasasshen tulu da reshen ƙaya. Abin da ke raya wurin shi ne ƙafar masu kai gawa da hannun masu gyara. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo bayanta.

A tsakanin nan mahaifiyata ta kwanta ciwo. Ta sha gaya mini cewa in ta cika a sa ta kusa da mijinta da jikarta. Duk ranar da na dawo daga sakatariya sai ta tambaye ni ko takardar ta fito, in ce ta kusa, Inna. Ran nan ta dube ni ta ce wannan kusa tawa tun bara take tafe, ko a kan jaki aka ɗoro ta ya kamata ta iso. Ita ce dariyar ƙarshe da muka yi tare. Da ta rasu muka ɗauki makara muka wuce ta gefen maƙabartarmu, muna ganin jan fentin turakun, muka kai ta maƙabartar ƙauyen da ke gaba. Ina riƙe da makarar na kasa duban wajen.

Bayan sadakar arba'in na koma ofishin, sai na tarar da wani saurayi a kan kujerar. Aka ce dattijon ya yi ritaya ya koma garinsu. Saurayin ya saurare ni har na gama, sannan ya ce Baba, ina takardar neman da kuka shigar? Na ce babu. Ya ce a wurinsu abin da ba a rubuta ba bai faru ba, don haka a idon hukuma yau ne na fara zuwa. Ya miƙo mini farar takarda ya ce in rubuta da Hausa, ai ana karɓa, tun da can ma ana karɓa. Na zauna na rubuta layi kaɗan. Abin da zan iya yi tun ranar farko ke nan. Ya buga hatimi, a makon ya sa aka buɗe siton. Kwanon rufin ya yi yoyo, fayiloli sun manne da juna, na ƙasa gara ta mai da su ƙasa. Ba a ga taswirar ba. Ya ce zai rubuta birni ko akwai wani kwafin, kafin nan zai zo ya gani da idonsa.

Ya cika alkawari, ya zo a kan babur. Abin da ya tarar ciyawa ce da tumfafiya da awaki suna kiwo. Ya ce mu nuna masa kabari ko da ɗaya ne. Na taka na tsaya inda nake zaton mahaifina yake. Baffana ya ce a'a, gaba ne, wajen da tsamiya take kafin a sare ta. Liman ya ce shi a ganinsa baya ne. Muka tsaya muna musu a gaban baƙo, mu da muka haƙa ramin da hannunmu. Saurayin ya sunkuyar da kai ya ce wallahi ya yarda da mu, amma ba zai iya rubuta abin da bai gani ba. Kafin amsa ta zo daga birni katafila ta riga ta iso. Amsar ma ban ji ta zo ba har yau.

Ban riƙe dattijon akawun a raina ba. Na sha tunani ko ya san taswirar ta lalace, kunya ce ta hana shi gaya wa mutumin da ke kawo masa goro, kamar yadda kunya ta hana ni ce wa dattawa ban san hanyar ofis ba. In haka ne, to mu biyu muka yi ta girmama juna har ƙasa ta shafe. Abin da na koya shi ne haƙuri yana da wurinsa, amma ba kowane zama ne haƙuri ba. Ina kira ga 'yan'uwana, musamman mu da muka koyi karatu da girma, duk abin da za ku nema a hukuma ku rubuta shi ko da layi biyu ne, a buga muku hatimi ku riƙe naku. Kada mutum ɗaya ya ɗauki maganar gari shi kaɗai. Ku kewaye maƙabartunku, ku nemi takardarsu tun ba a zo da turaku ba.

Yanzu wurin dogon katangar bulo ne. Ranar Juma'a nakan jingine kekena in tsaya a gindinta in yi addu'a. Wani sabon maigadi ya taɓa leƙowa ya ce Baba a wuce, ba a ɗaukar ma'aikata. Na ce masa ba aiki nake nema ba, iyayena na zo gaisarwa.