Ranar da Kwamfutar Sokkalingam Ta Ƙi Tashi

A duk faɗin garin Tenkasi babu mai jin yaren inji kamar Sokkalingam. Shi ya faɗa, mu kuma 'yan layin bayan kotu ba mu musa ba, ko da yake babu wanda ya taɓa ganin ya kwance wani inji in ban da keken rubutun da ya shekara talatin yana buga wa mutane takardun koke da shi. Da mijin 'yarsa ya kawo masa tsohuwar kwamfuta, cewa ya yi ai keken rubutu ne da ya yi boko.

Kwana biyu bayan bikin kayan aiki, lokacin da kowa ke wanke abin sana'arsa, ya rataya masa furanni, ya ɗiga masa kwaɓin garin itacen sandal mai ƙamshi a goshi don albarka, sai kwamfutar ta ƙi tashi. A kan benci kuwa ga Valliyammai, wadda mijinta direban bas ya rasu da damina. Takardar neman fanshonsa tana cikin akwatin kwamfutar nan, kuma ranar ce ta ƙarshe: in ba ta kai ofis kafin ƙarfe biyar ba, sai baɗi.

Sokkalingam ya danna maɓalli. Shiru. Ya sake dannawa da ladabi, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar alƙali. Ya ɗaga kai ya ga fanka tana juyawa, wato akwai wuta, abin da ya ƙara ɗaure masa kai, don da ya riga ya shirya zagin masu wutar.

"Iya, minti biyar," ya ce mata.

Ya sauya soket. Ya aro wayar butar lantarki daga Kasim Rawther mai shayi, wanda ya biyo wayarsa don kada a yi ba shi.

"Yaya, ko azumin kwana tara na bikinku take yi ita ma?" in ji Kasim. "Ka ba ta ayaba ta buɗe baki."

"Kai da inji ai sai kallo. Riƙe min sukudireba."

Kafin azahar an buɗe cikinta. An hure ƙura. An zare wasu 'yan allunan kore an goge su da abin goge fensir, domin wani lauya da ke wucewa ya ce haka ake yi. Sokkalingam ya ɗiga wa fankar ciki man keken ɗinki, ya kara kunne, ya ce ya ji alamar numfashi. Kasim ya ce cikinsa ne, bai ci abinci ba. Da aka zo mayarwa, kusoshi biyu suka yi saura, aka rasa daga ina suka fito.

Wajen ƙarfe uku sai Valliyammai ta taso ta tsugunna gaban akwatin.

"Ɗan'uwa, wannan ƙaton ɗigon wa ya yi shi?"

"Ni, da hannuna. Nan ne goshinta."

"Goshin ne kake ta dannawa tun safe?"

Ya duƙa ya duba. Kwaɓin sandal ɗin ya bushe ƙamas, ya cike zagayen maɓallin ya liƙe shi, ko motsi ba ya yi. Ta zare fil daga gashinta ta ƙanƙare. Da ta danna, sai aka ji ƙas, fankar ciki ta ɗauka, man keken ɗinki ya fantsamo wa Kasim a riga.

"Dama nan zan zo," in ji Sokkalingam. "Gyara bi da bi ake yinsa."

Takarda ta fito huɗu saura kwata. Valliyammai ta kama bas da ƙyar, ta isa ofis ana shirin rufe taga. Layi shida ce takardar, kuma akawun da ya karɓa ya gaya mata suna karɓar rubutun hannu.